Sirdin Mutum Ɗaya

Shekara talatin da ɗaya ina ɗinka sirdin babur a shagona da ke bakin kogin Drina, kuma ban taɓa sa wuƙa a soso ba sai na ga sawun alli. Haka maigidana ya koya mini. In mutum ya zo, sai in barbaɗa garin alli a bayan wandonsa, in ɗora ɗanyen soso a kan babur ɗinsa, ya hau ya kama kan, ya zauna minti goma sha biyar. Da ya tashi, soson zai nuna mini inda nauyinsa ke sauka. Baki yana ƙarya, mazaunai ba sa yi.

Radisha ya zo mini saura kwana tara masu babura su hau dutse zuwa gidan sufaye, inda fadan coci ke yayyafa wa babura ruwan albarka kowace bazara. Shekara ashirin da shida shi ne a gaban layi, matarsa Leposava, wadda muke kira Lepa, a bayansa. Ni na tsaya masa ranar aurensu, don haka ba ma jin nauyin bakin juna.

Ya shimfiɗa mini wata takarda mai hotunan sirdi 'yan Italiya.

"Vukashin, duba min nan. Wannan an ce laushinsa kamar kitse. Wannan kuma har ɗumama mutum yake."

"To ka saya mana. Ka haɗa da bargo da matashi, ka sha barcinka a tsakiyar titi."

"Tsohon banza, bakinka dai ya ƙi tsufa."

"Wanda ya ɗinka waɗannan bai taɓa ganin bayanka ba. Me naka na da ya yi maka?"

"Tsayi ya yi min. Ka rage yatsa uku, ka matse gaban, ƙafata ta riƙa taka ƙasa sosai."

Na dube shi. Mutumin da sai ya sunkuya yake shiga ƙofata, yau shi ke kukan tsayin sirdi. Na ɗauko alli.

Da ya sauka daga kan soson sai na duba sawun allin. Gefen dama ya yi fari fat, an danne shi har ƙasa. Gefen hagu kuwa ɗan burbushi ne kawai, kamar kyanwa ce ta gifta.

Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Kada ka raina min hankali, Radisha. Ƙafarka ta hagu ba ta ɗaukar ka."

Ya daɗe yana kakkaɓe wandonsa kafin ya amsa. "Tun Disamba. Na tashi da safe na ji ta yi nauyi. Likita ya ce ɗan shanyewar jiki ne ya taɓa ni ya wuce. Tana canza giya lafiya lau."

"Canza giya daban, tare babur mai kilo ɗari biyu da hamsin daban. Ga kuma mace a baya."

"Kai tela ne ko likita? Yanka soso."

"Lepa ta sani?"

"Ka bar Lepa a inda take."

Na ɗauki wannan a matsayin ba ta sani ba. A nan na fara ɓata.

A wajenmu namiji ba ya kai ƙarar abokinsa wurin matarsa, ko da wuta ce ke cin rigarsa. In kuma na ƙi aikin, sirdi ɗan Italiya zai saya ya hau abinsa. Hana Radisha gaban layi kuwa, gara ka hana kogin nan gudu. Abin da ya tsaya mini a rai Leposava ce. Shi ya zaɓi ya yi caca da ransa, ita ba ta zaɓa ba. Sai na yi dabara irin ta wanda yake ganin ya fi kowa hankali.

Da na ɓare tsohuwar fatar, na lura gefen hagu na wurin zaman baya ya goge, har yana sheƙi, sabuwar gugar da ba ta wuce 'yan watanni ba. Na zagi masu jimar zamani, na wurga ta kan kanta. Sannan na zauna na yi sirdin da ban taɓa yin kamarsa ba. Na rage yatsa uku, na matse gaban, na cika gefen hagu da soso mai tauri don ya miƙar da zamansa. Wurin zaman baya kuwa na yanke shi ɗungurungum.

Ranar Juma'a ya zo karɓa. Ya zagaya babur ɗin sau ɗaya.

"Ina wurin Lepa?"

"Ƙarfen baya ya tsage, sai an kai walda. Sati biyu. Bana ta bi motar mata."

Ya zuba mini ido har sai da na kau da kai.

"Ka koyi ƙarya da tsufanka," in ji shi.

Ya hau, ya gyara zama, ya taka ƙasa da ƙafa biyu. "Kai! Kamar an narka ni an zuba." Na ce ya tsaya ya sha gahawa, ya ce wata rana.

Ranar Asabar ina shago ina sharar guntayen soso, ina jin daɗin kaina, labari ya iso. A kwanar hanya ta uku ta hawan dutsen wata motar katako tana gangarowa, layi ya tsaya don ta wuce. Waɗanda ke bayansa sun ga ya sauke ƙafar hagu, ta lanƙwashe kamar jiƙaƙƙiyar igiya. Babur ya kwanta da shi ta wajen motar, tayar baya ta bi ta kansa.

Na yi kuka, ban ɓoye ba. Amma a wajen jana'iza, da na ga Leposava tsaye da ƙafafunta, na ce a raina ko ba komai na tsirar da ɗaya. Da wannan na riƙa lallashin kaina har kwana arba'in.

Washegarin addu'ar arba'in ta shigo shagon cikin baƙaƙen kaya. Na jawo mata kujera, ta ƙi zama.

"Vukashin, tsohuwar fatar tana nan?"

Na sauko da ita, na kaɗe ƙura. Ta shimfiɗa ta a kan teburin yanka, ta ɗora yatsa daidai wurin da ya goge.

"Kai da kake karanta zaman mutane, wannan me ya ce maka?"

"Fatar ce ba ta da kyau, 'yar'uwa."

"Fatar lafiyarta ƙalau. Cinyata ce." Muryarta ko rawa ba ta yi. "Ni nake wanke masa ƙafar nan da ruwan zafi tun Disamba, kana zaton ban sani ba? Tun da ƙanƙara ta narke muke fita bayan gari. Duk inda zai tsaya, sai in zame ta hagu in taka ƙasa kafin shi. Bai taɓa cewa komai ba, ni ma ban taɓa ba. Ko sau ɗaya ba mu faɗi da babur ba."

Na nemi abin dafawa, hannuna ya faɗa kan almakashi.

"Ran nan na fito da hular kwanona a hannu, na tarar da gareji a buɗe, ya riga ya tafi. Ya san in na ga sirdin ba zan bar shi ya fita ba." Ta naɗe fatar a hankali ta sa a jaka. "Ni ce ƙafarsa ta hagu, Vukashin. Ni ka yanke."

A bakin ƙofa ta juyo.

"Sun dawo min da sirdin. Ko zare ɗaya bai warware ba. Ka iya aiki."