Uhm ɗin Darakta

"Ranka ya daɗe, gobe za a yi wa mahaifiyata aiki a asibiti, kuma ni kaɗai gare ta. Izini nake nema," in ji Sakatariya, tana tsaye gaban tebur.

Darakta ya ɗago kai ya kalli fanka.

"Uhmmm," ya ce.

Ta jira sauran maganar. Ina! Ya mayar da kai kan jarida.

Haka mutumin yake. Tun da aka kawo shi ofishin nan ba wanda ya taɓa kama shi da "eh" ko "a'a". In abu ya yi kyau, ai da uhm ɗinsa aka yi. In ya ɓaci, wa ya ji ya ce a yi?

Tana fitowa baranda ma'aikatan ofis, masana uhm ɗin Darakta, suka yi mata caa.

"Ya ja shi ko ya datse?" in ji Akanta.

"Ya ja."

"Ta hanci ko ta maƙogwaro?" in ji Mataimaki, wanda fassarar gurnanin nan ce ta kai shi kujerarsa.

"Ni ban leƙa ba."

"In ta hanci ne, ya yarda. Na maƙogwaro kuwa, wanda ya ji shi bara yana can gida yana kiwon kaji."

Akanta ya ce sam, ba a kora sai an haɗa da tsaki. Musu ya kaure, kowa na gwada nasa uhm ɗin, baranda ta koma kamar garken shanu. Ita kuwa hankalinta ya tashi. In ta tafi, aiki ya tafi. In ta zauna, tsohuwa za ta shiga ɗakin tiyata ba mai riƙe mata hannu. Haushi ya turnuƙe ta.

Ta koma ta wangale ƙofar, ta bar ta a buɗe.

"Ranka ya daɗe, in tafi?"

"Uhmm..."

"Na gode! Allah ya saka da alheri!" Ta ɗaga murya, har da durƙusawa. "Jama'a, kun ji da kunnenku, ya amince."

Darakta ya zabura. "A'a" ta zo masa har leɓe. Sai ya hangi idanu cike da ƙofa, Mataimaki har ya karkato kunne. Kalma ce za ta fita, wadda gobe za a ce shi ya faɗa.

Ya haɗiye ta. "Ehem," ya ce.

Kafin masana su gama tantance wannan sabon, ta suri jakarta ta yi waje.