Muryar Shamsiyya

"Ku kira mijin ya shigo ya yafe mata," in ji Gwaggo Habiba da ta yi wa gawar wanka. "Maza na waje suna jira."

Tun safe nake gudun wannan lokacin. Na miƙe daga cikin matan da suka cika tsakar gida, na bi lungun da ke fita soro.

Shamsiyya maƙwabciyata ce a nan unguwar Sheshe, katanga ɗaya ta raba mu shekara goma sha ɗaya. Ranar Talata ta yanke jiki ta faɗi tana tankaɗen gari, aka ce hawan jini ne. Alhamis da hantsi ta cika. Mace mai shekara talatin da huɗu! Har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Mijinta, Malam Abdulbaqi, wankin hula yake yi a soron gidan. Mutum ne mai son waƙa, amma iri ɗaya: wadda namiji zai kafa doka, mace ta amsa da "to". Akwai wata da ta cika gari, ba bikin da ba a sa ta. Namijin ya ce gida nasa ne, magana tasa ce, sai wata murya mai sanyi ta amsa cewa in ya ce ta zauna ta zauna, in ya ce ta yi shiru ta yi. Ni waƙar nan haushi take ba ni, wallahi. Shi kuwa in suka ɗan saɓa sai ya ƙure sautin, ya leƙo ya ce, "Maman Ikram, ji matar kirki! Ki koyi hali." Ta katanga nake jin komai. Ba ta taɓa tanka masa ba.

Ranar Laraba da la'asar na kai mata kunu asibiti. Da 'yar uwarta ta fita alwala, sai ta kama hannuna.

"Sa'adiyya, matar da ke amshi a waƙar nan tasa, ni ce."

Na yi dariya, na ɗauka zafin ciwo ne.

"Ba wasa nake ba. Kitson da nake zuwa gidan Yaya a Ƙofar Dawanau duk Asabar, ba kitso ba ne kaɗai. Ɗanta Mikail yana da situdiyo a ɗakin baya. Shekara tara ke nan."

"Innalillahi! Ke? Ke da bakinki kike faɗin wannan shirmen?"

"Su suke rubutawa, ni rerawa ce tawa. Sau ɗaya na ce a canza baiti guda, Mikail ya ce maza ba za su saurara ba. Sunana ma ba a sawa." Ta numfasa. "Ni waƙar nake so, tun ina yarinya. Abin da aka ba ni shi na rera."

Ta ƙara riƙe hannuna.

"In ta Allah ta kasance, ki gaya masa kafin a fitar da ni. Na fita ba da saninsa ba. Kada ya yafe abin da bai sani ba, irin wannan yafiyar ba za ta ishe ni ba. Amana na ba ki."

Amanar nan ce ta tsayar da ni a lungu. Ga Malam Abdulbaqi ya taho, ido jawur, ya cire takalmi.

"Malam, dakata. Akwai saƙo."

"Maman Nazeer, bari sai an dawo daga maƙabarta."

"Ba zai jira ba."

Na gaya masa, ban rage komai ba. Murya ƙasa-ƙasa, don mata na bayana, maza na bayansa.

"Ƙarya ne," ya ce. "Matata? A situdiyo? Ki ji tsoron Allah, gawarta ko fita ba ta yi ba."

"Tsoron Allahn ne ya sa na tare ka. Ka tambayi Mikail, ga shi can a waje."

"Ai da na gane muryarta!"

Nan raina ya ɓaci, har na manta makoki ake.

"Yaushe ka taɓa jin ta tana waƙa, Malam? Ba kai ka hana ko ɗan ƙunƙuni in tana wanke-wanke ba?"

Ya jingina da bango. Leɓɓansa suna motsi, na gane amshin nan yake bi a ransa, kalma bayan kalma. Sai na ga fuskarsa ta sauya, kamar wanda aka watsa wa ruwan randa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ita nake kunna wa ita? Ina cewa ta koyi hali?"

Daga ciki Gwaggo Habiba ta ɗaga murya: "Wai ina mijin ne? Rana na yi!"

Na zuba masa ido. In ya juya ya koma soro, ban san da wace fuska zan kalli 'yarsu Ikram ba. Sai ya wuce ni ya shiga ɗakin da gawar take, ya durƙusa a gaban likkafanin. Ina bakin ƙofa na ji shi.

"Na sani, Shamsiyya. An gaya min. Na yafe, duniya da lahira."

Mata suka ɗauki "Allahu akbar, Allah Ya saka maka." Ni dai hawaye kawai nake.

Da ya fito sai ya tsaya a gabana, bai kalle ni ba.

"Ni fa? Ta ce ta yafe min?"

Na so in yi masa ƙarya, Allah Ya sani. Amma ban iya ba.

"Ba ta ambata ba, Malam. Ba wanda ya tambaye ta."

Aka shigo da makara. Maza huɗu suka ɗaga ta, suka karkata kaɗan don lungun ya yi ƙunci. Ya bi bayansu haka nan, ƙafa ba takalmi. Har aka kira la'asar takalman nasa suna nan a bakin lungu, mata masu shigowa gaisuwa suna kewaye su.