Marigayiyar da Ta Zo Taro

Yaya ta san ƙaninta bai iya magana ba. Tun yana ƙarami, in an aike shi sai ya isar da rabin saƙo, rabin ya maƙale a maƙogwaro. Shi ya sa da Auta ya ce zai tsaya takarar shugaban ƙungiyar masu kantin magani, har da jawabi, ta lulluɓe keken ɗinkinta ta shiga mota ta zo. A ƙasan ranta abu ɗaya take so, ya ambace ta. Ita ta raine shi bayan rasuwar iyayensu, tana taka keke yana goye a bayanta, kuma tunda ya buɗe kanti ya ajiye tumbi bai taɓa faɗin haka a gaban mutane ba.

Matar Auta ta tare ta a ƙofar zauren taro, ta raɗa mata cewa manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira ce ta rubuta jawabin. Wai ya ba ta tarihinsa a taƙaice, ya ce ta tsara abin da zai sa jama'a kuka. Ko dubawa bai yi ba, saboda yana can wajen ɗinkin sabuwar riga. Yaya ta taɓe baki ta nemi kujera kusa da fanka.

Gaskiya dai jawabin ya yi daɗi, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Auta da ba ya haɗa jimla biyu sai ya yi tari, yau shi ne ke zuba magana sumul. Masu kantin da suka zo da niyyar gyangyaɗi suka gyara zama. Da ya iso kan maraici, ya ce akwai wata mace da ta hana idonta barci don shi ya yi karatu. Yaya ta gyara mayafi, tana shirin sunkuyar da kai idan aka waiwayo.

"Yayata," in ji Auta, "marigayiya."

Ya tsaya. Ta ga idonsa ya koma kan takardar, ya ɗago, ya sauka a kanta sarai. Gyaran bai fi kalma ɗaya ba. Amma zauren ya riga ya ɗauki salati, wani dattijo a gaba ya cire tabarau yana share ido, kuma Auta bai taɓa samun irin wannan karɓuwar ba a rayuwarsa. Sai ya ci gaba. Ya karanta yadda ta riƙe hannunsa a gadon asibiti ta bar masa wasiyyar ya kula da marasa lafiya. Yaya, wadda ko ƙarin ruwa ba a taɓa yi mata ba, ta zauna tana sauraron yadda ta cika. Matar da ke gefenta tana ta sharɓar kuka, har ta dafa ta ta ce irin waɗannan matan ba sa daɗewa a duniya.

Aka kaɗa ƙuri'a, Auta ya lashe da rata mai yawa.

Ya same ta a bakin ƙofa, gumi ya jiƙa wuyan sabuwar rigar. Cikin raɗa ya ce shi fa abin da ya rubuta wa manhajar kawai shi ne yanzu ba sa tare, yana nufin gari daban, ita ce ta fahimta a karkace. Ya ce ta yi haƙuri, za a gyara a hankali. Yaya ta tsaya tana jiran ta ga hankalin.

Ba a jima ba dattijon mai tabarau ya iso, ya kama hannun sabon shugaba da hannu biyu, ya ce wasiyyar nan ce ta sa ya ba shi ƙuri'arsa. Sannan ya dubi Yaya ya tambaya ko wace ce wannan.

Auta ya yi tarin nan nasa na yarinta. Ya ce wata 'yar uwa ce daga nesa.

Yaya ta dube shi tun daga hula har takalmi. Ta saɓa jakarta, ta gaida dattijon da ladabi.

"Ta'aziyya na zo yi masa, Baba," ta ce. "Na san marigayiyar sosai. Wahalar banza ta sha."