Jijiyar Wuyan Ilham

Ilham 'yar shekara takwas ce, autar Sa'adiya da Datti da ke zaune a Kurmin Mashi. Ranar Asabar da la'asar tana tsere da yayyenta, tsinken tsire a bakinta, sai ta yi tuntuɓe ta kife. Tsinken ya soke ta can cikin maƙogwaro ta gefen hagu. Jini kaɗan ya fito, ta kurkure baki ta koma wasa.

Washegari kofin shayi ya suɓuce daga hannunta na dama. Da ta buɗe baki za ta ba da haƙuri, maganar ta fito a lauye. Sa'adiya ba ta tsaya neman shawara ba, ta saɓe ta a kafaɗa.

"Baban Ilham, ɗauko mota. Wannan ba ta gida ba ce."

A asibiti aka ɗauki hoton wuyanta. Dokta Bara'atu ta nuna musu inda tsinken ya yaga bangon jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa. An fara da maganin tsinka jini, amma hannun sai ƙara mutuwa yake.

"Ba za mu yanka wuyanta ba," in ji likitar. "Ta jijiyar cinya za mu tura wani ɗan bututun waya mai kamar raga, ya je ya tokare wurin, jini ya samu hanya."

Datti ya ce, "Likita, ai yarinya girma za ta yi. Bututun fa?"

"Jijiyar nan ta kusa gama girma. Duk da haka za mu riƙa dubawa."

Sa'adiya ta dube ta ido cikin ido. "Kin taɓa yi wa yaro?"

"Manya da yawa, yara kaɗan. Ba zan ɓoye miki ba. Amma na san hanyar, kuma jira ya fi haɗari."

"To, bismillah."

Kafin magariba aka turo Ilham daga ɗakin tiyata, ba alamar aiki a jikinta sai ɗan filasta a cinya. Da ta farka aka ce kada ta motsa ƙafa, ta ɓata rai.

"Umma, bayana ya gaji."

Maganar ta fito tar. Datti ya juya fuska bango yana hamdala.

Hannun ya fi daɗewa, sai da aka yi ta gashi da motsa yatsu. Bayan hutun Sallah ta koma makaranta, rubutunta a ɗan karkace, ƙawayenta sun kewaye ta suna so ta ba su labari.