Wankan Banta

"Matsa, ƙafafunka ba za su ɗauke shi ba," na ce wa Marzuki, ɗan mamacin, na zauna a wurinsa na miƙe nawa.

A nan Aceh kan cinyoyin dangi ake wanke mamaci, kuma wurin da na zauna na ɗa ne. To amma ni ne Hasyem. Ranar da teku ta kwashe garinmu, a kan bishiyar kwakwa ta bar ni, kuma gawar da na wanke ta fi gashin kaina yawa. Ban shiga aji ba, amma liman ma ni yake tambaya.

Banta maƙwabcina ne, mai gyaran komar kamun kifi. Ciwon ƙashi gadon gidansu ne: gajerun hannuwa, gwiwoyi a lanƙwashe ba sa miƙewa. Haka ubansa, haka shi, haka ɗansa Marzuki. Da ya kwanta ciwon ajali, kullum sai na leƙa na ce masa raki ne kawai, ya tashi mu sha kofi. Yakan yi dariya, ya ce bakina ne ya gagari teku, ba ni ba.

Yau ga shi ya rasu, aka ɗora mana shi a cinya, ya ƙi zama. Sai zamewa yake, gwiwoyinsa sun tokare zanen da aka lulluɓa masa. Liman ya ce a bi a hankali, na ce masa na san aikina. Na sa tafin hannu na danna gwiwar.

Ta yi ƙara kamar an taka busasshen gora.

Marzuki, da ke kirana Yahwa, wato baffa, bai ɗaga murya ba.

"Yahwa, ni ma haka za ka yi mini in tawa ta zo?"

Na sa aka tallafe gawar, na janye jikina. Marzuki ya dafa bango, ya daɗe kafin ya kai ƙasa. Lanƙwasassun ƙafafunsa suka shige ƙarƙashin na ubansa daidai, Banta ya kwanta luf.

Na nufi ƙofa, sai Marzuki ya miƙo mini ƙoƙon kwakwa na zuba ruwan wanka.

"Zuba, Yahwa. Ya saba da kai."

Na zuba, kaina a sunkuye. Ruwan kafur ya bi gwiwar uban, ya gangaro kan ta ɗan, ya ɗiga ta tsakanin katakon daɓen.