Ƙafar da Ba Ta Jin Zafi

Kwana uku na yi ina naƙuda a ƙauyenmu, gabas da Karofane, kafin a ɗora ni a amalanke. A Madawa suka yanka ni suka ciro ɗiyata da rai. Ni kuwa na dawo gida ƙafar hagu daga gwiwa zuwa ƙasa ta mutu mus, sai jan ta nake kamar itace.

Asibiti ya ci jakinmu, ya ci awakina biyu. Washegarin suna mijina Halidu ya rataya jaka ya tafi cin rani Agadas, ya bar ni hannun Inna A'i, yayar mahaifiyata.

Inna A'i ba ta wasa da wankan jego. Safe da yamma ruwa na tafasa a tukunya, ta tsoma ganyen dogon yaro ta yarfa mini. A baya da ciki ihu nake, amma a ƙafar nan shiru. Sai ta ce sanyi ne ya shige ta, wuta ce za ta kore shi. Ta daina yarfawa, ta koma kwarawa da ƙwarya.

"Kin gani? Ko motsi ba ki yi ba. Ta fara karɓa."

Ni ma, wawuya, har murna nake yi!

Kwana na tara da fara wankan na zauna ina ba ɗiyata nono, na ga ƙudaje sun yanyame ƙafata. Na janye zane. Fatar ƙauri ta biyo zanen. Wallahi ban ji komai ba, kuma wannan ne ya fi tsorata ni.

"Inna! Zo ki ga aikinki!"

Ta zo ta leƙa. "Mu sa toka, mu ɗaure."

"Toka? Kin dafa ni, kuma ki barbaɗa mini toka? Asibitin Buza za ki kai ni, yau ɗin nan."

"Da mi, Rahama? Mi ya saura gidan ga?"

Na dubi rumbu. Ta gane. Damin iri ne a ciki, zangarniyar da Halidu ya zaɓa ɗaya-ɗaya ya ajiye don shuka, ga gabas ta fara haɗa hadari.

"Ki ji tsoron Allah, wannan abincin baɗi ne."

"In aka yanke mini ƙafa, wa zai goya yarinyar nan? Ke? Ki sussuke shi!"

Tana kuka ta sussuka, ta kai wa mai awo. Kafin la'asar muna bayan kabu-kabu, ƙafata na lilo, ita riƙe da jaririya.

Malamar asibiti ta buɗe tsumman, ta dube ni, ta dubi Inna A'i, ta ja tsaki. Ta daɗe tana wankewa da almakashi a hannu. Na kasa haƙuri.

"Za a yanke?"

"Da kun ƙara kwana biyu, da an yanke. Yanzu sai ku zauna nan, kullum a wanke."

Muna mako guda a can ruwa ya sauka da asuba, mai yawa. Da hantsi wayar Inna ta yi ƙara. Halidu ne, muryarsa cike da fara'a.

"Na ji an sha ruwa! Ki ce wa ƙanena shi buɗe rumbu, a shuka yau, kada laima ta wuce."

Inna A'i ta miƙo mini wayar, ta fice waje.