Lambobin da Aka Kai wa Tela

"Ina kuka kai mini su?" Mista Cyril Trewin ya sake tambaya, hannunsa yana lalube a kan bargo.

Glenda ta ajiye shayin da ya ƙi sha. Ita ce maƙwabciyarsa ta jikin bango a wannan layi na bayan tashar jiragen ruwa ta Plymouth, kuma tun da idanunsa suka mutu ita ke leƙo shi safe da yamma. Ɗazu nas ta ja ta bakin ƙofa ta ce da wuya ya ga Asabar.

"Suna wurin tela, Mista Trewin. Ai na gaya maka."

"Tela! Wando ne su? Je ki karɓo mini abina, 'yar nan."

Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya shiga sojan ruwa, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ya raka jiragen kaya zuwa Rasha ta tekun ƙanƙara, inda wanda ya faɗa ruwa yake sandarewa kafin igiya ta iso shi. A can ya bar yatsu biyu. Daga nan aka tura shi Bahar Rum a bakin igwa har yaƙi ya ƙare. Lambobin yabo huɗu aka ba shi. Ta tekun ƙanƙara kuwa sai da aka shekara saba'in ana shawara, abokansa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, sannan aka ga dama aka buga ta.

Da sabuwar lambar ta iso, ƙungiyar tsofaffin sojojin ruwa ta unguwa ta sa biki ranar Asabar. A ƙa'idarsu kowace lamba da gurbinta a jere, kuma gurbin sabuwar a tsakiya yake. Shi ya sa sakataren ƙungiya, Mista Furze, ya kwashe huɗun ya kai wa tela, a farke ƙyallayen da ake rataya su da su a sake ɗinkawa. Bai tambayi kowa ba.

Glenda ta same shi a zauren ƙungiya yana jera kujeru.

"Sabuwar nake so, da tsofaffin, yanzu."

"Sabuwa tana kulle sai Asabar. Manyan baƙi za su zo, har da masu hoto."

"Mutuwa fa yake yi, Mista Furze!"

"Wa, Cyril?" Ya yi dariya. "Jamusawa sun gwada sun kasa. Wannan tsohon kifi shi zai binne mu duka."

"Yaushe rabonka da ganinsa?"

Ya gyara ƙafar wata kujera. "Tsari tsari ne, yarinya. Ba za mu bari ya rataya su a hargitse ba."

Glenda ta ji kamar ta ɗaga kujerar ta maka masa. Mutanen nan ba sa kuskuren jeren lamba ko a mafarki, amma ƙofar da ke nan kusa ta gagare su ƙwanƙwasawa. Ta fice ba sallama, ta nufi shagon tela.

Madam Yelland, telar, ta ɗago tabarau. Ga lambobin nan a kan tebur, tsirara, an goge su suna ƙyalli.

"Ina ƙyallayensu?"

"Waɗancan tsummokaran? Sun tafi da shara tun jiya. Ɗinkin ma na hannu ne, a karkace, ko ɗan koyo ba zai yi haka ba. Gobe sababbi za su iso."

Glenda ta tattara su a aljihun kwat. Tana sauri a kan hanya suna ta ƙara kamar makullai.

Ta tarar numfashinsa ya canza. Ta zauna a gefen gado ta zuba masa su a tafin hannu.

"Ga su nan, na kawo."

Ya bi su da sauran yatsunsa, ɗaya bayan ɗaya. Ya shafa saman kowace, inda ƙyalle ya kamata ya kasance, sai zobe kawai.

"Ba nawa ba ne."

"Naka ne, daga wurin tela nake."

"Kada ki yi mini wayo don ba na gani. Na lokacin yaƙi babu suna a jikinsu, kowa yana da irinsu, har a kasuwar gwanjo. Nawa Ivy ce ta ɗinke su, shekarar da muka yi aure. Ba ta iya allura ba, Allah sarki. Akwai ƙulli a bayan ta biyu." Ya tsaya ya nemi iska. "Ki mayar wa mai su."

"Mista Trewin…"

"Zan jira nawa."

Ya ture su da bayan hannu, ya juya fuska wajen ƙofa. Glenda ta matso kusa. Ta kama hannun, bai janye ba.

Kafin la'asar ya cika.

Ta rufe masa ido, ta zauna tana jiran nas. A waje yaran makaranta suna wucewa da hayaniyarsu. Lambobi uku suna kwance a kwarin bargo kusa da gwiwarsa, ta huɗun ta gangara ƙasa ta tsaya a jikin takalminsa.